Yadda na auna amfanin BIM a ginin wani asibiti a Kano

A watan Nuwamban 2022 wani Alhaji da muka daɗe muna yi wa aiki ya tara mu a ofishinsa a kan sabon ɓangaren da zai ƙara wa asibitinsa mai zaman kansa a Kano: bene hawa uku, da ɗakunan tiyata biyu, da ɗakin gwaje-gwaje a ƙasa. Ni kwantiti sabeya ne, aikina lissafin kayan gini da kuɗinsu tun daga harsashi har fenti. Akitek ɗinmu ya kawo shawarar a yi aikin da BIM, wato a fara tayar da ginin gaba ɗaya a cikin kwamfuta, kowane ginshiƙi da bututu da ƙofa da tsawonsa da kaurinsa da irin kayan da za a yi shi da su, tun kafin a sa diga a ƙasa. Alhaji ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe na takardar kuɗinmu ya ce, "To na ji, Injiniya. Amma wannan ƙarin da kuka rubuta, ta wace ƙofa zai dawo mini?" Ƙarin ya kusa kashi 1 cikin 100 na kiyasin ginin. Ɗakin ya yi tsit. Dukkanmu mun yarda abin yana da amfani, amma babu mai lamba ko ɗaya a hannu. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama in auna, in an gama in kawo maka a rubuce, ko riba ce ko asara." Ya amince. Wata 19 na yi ina ɗauke da wannan alkawari, kuma rabin wahalar da na sha da ban sha ta ba in da na sami wanda ya ba ni irin wannan labari tun farko.

Abin da na fara yi shi ne neman abin da aka auna a wasu ƙasashe, kuma mako biyu na ɓata a kai. Gwamnatin Birtaniya ta sanar a 2011 cewa daga Afrilun 2016 duk ginin da gwamnatin tsakiya za ta bayar sai an yi shi da BIM. A 2018 kamfanin binciken kuɗi da ba da shawara na PwC ya tsara musu hanyar auna amfaninsa, ya gwada ta a kan ayyuka biyu, gyaran wani ofishin ma'aikatar lafiya a Landan da aikin shingen ambaliya na kogin Foss a birnin York. Abin da suka iya tabbatarwa shi ne ragin kashi 3 cikin 100 a na farko da kashi 1.5 a na biyu, in an haɗa kuɗin gini da na kula da shi tsawon rayuwarsa, kuma kaso mafi tsoka yana zuwa ne bayan an shiga ginin. A Amurka kuma hukumar ƙa'idojin awo da fasaha ta ƙasar, NIST, ta ƙiyasta a 2004 cewa rashin jituwar bayanai tsakanin masu zane da masu gini da masu kula da gine-gine yana cin dala biliyan 15.8 a shekara. Na shirya waɗannan a shafi uku na kai wa Alhaji. Ya karanta ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ai Ingila ce. Lebura nawa ake biya a can, nawa nake biya a nan?" Gaskiyarsa. A can fasa bango a sake ginawa tsadarsa a kuɗin ma'aikata take, a nan kuwa a siminti da rodi take. Abu ɗaya kawai na tsira da shi daga karatun, binciken Barlish da Sullivan na jami'ar jihar Arizona na 2012: a ɗauki aikin da aka yi da BIM da makamancinsa da aka yi babu shi, a ƙirga takardun neman bayani (tambayoyin da magina ke aika wa masu zane a rubuce) da canje-canjen aiki da kwanakin da aka ci, sannan a ajiye kuɗin da BIM ɗin ya ci a ɗaya gefen.

Allah ya taimake ni muna da abin kwatantawa. Tsohon ɓangaren asibitin, wanda aka gina a 2018 zuwa 2019, shi ma hawa uku ne, murabba'in mita 1,900, sabon kuma 2,400. Na ɗauka in na je ofishin ɗan kwangilar da ya gina shi zan karɓo fayil in dawo. Zuwa huɗu na yi. Na farko manajan ba ya nan. Na biyu aka ce in kawo takarda daga Alhaji, domin suna tsammanin binciken kuɗi ake so a yi musu, kuma ban ga laifinsu ba. Na kai takardar da ke cewa tsohon lissafi a rufe yake, babu wanda za a tuhuma. A zuwa na huɗu, bayan mako uku, mai kula da sito ya fito mini da kwalaye biyu da ƙura ta lulluɓe, gara ta ci gefen ɗaya. A ciki na sami takardun canjin aiki 61. Takardar neman bayani kuwa ko ɗaya babu, domin a lokacin in foman ya ga zane bai yi daidai ba waya yake ɗagawa, a ba shi amsa da baki ko ta WhatsApp, kuma wayoyin an daɗe da canza su. Wannan ya karya mini gwiwa sosai, domin ma'auni ɗaya cikin ukun da na dogara da su ya tafi ke nan.

Na zauna da takardu 61 ɗin nan kwana biyar ina rarrabewa, kuma nan ne na fara gane aikin. Ba kowane canji ne BIM zai hana ba. Wasu Alhaji ne da kansa ya canza ra'ayi, ya ce a mai da ɗakin jira kantin magani. Wasu ƙasa ce ta ba da mamaki, aka tarar da tsohuwar rijiya a inda za a kafa ginshiƙi. Waɗanda suka samo asali daga saɓani tsakanin zanen akitek da na injiniyan gini da na masu famfo da wuta, ko kuskuren lissafin kaya, su 23 ne. Su kaɗai na ware. A kowanne na rubuta buhun siminti nawa, rodi nawa, bulo nawa, kwanan ma'aikata nawa ya ci, tun da farashin 2019 ba shi da amfani a gare ni. Ban san wannan shawarar ce za ta ceci aikin gaba ɗaya ba sai bayan wata shida.

Daga nan sai zaman yarjejeniya da masu zane a watan Janairun 2023. Mun rubuta takarda mai shafi tara a kan tsarin ISO 19650, ƙa'idar duniya ta tsara bayanan gini da BIM, wanda ya fito a 2018: wa zai zana me, zuwa wane mataki na dalla-dalla, wace rana zai miƙa, da wane suna za a ajiye fayil. Akitek da injiniyan gini suna aiki da Revit, manhajar da ake tayar da gini da ita a kwamfuta. Injiniyan famfo da iska kuwa, dattijo mai ilimi wanda ya fi mu duka sanin asibiti, da manhajar AutoCAD yake zane a shimfiɗe, kuma ya ce a shekarunsa ba zai koma aji ba. Dole muka ɗauki wani matashi da ya gama jami'a ya riƙa mai da zanensa samfuri, wato ginin a tsaye cikin kwamfuta, muka jira shi mako shida. A nan nake jan kunnen duk mai son yin wannan lissafi: ya buɗe shafin kashe kuɗi tun ranar farko. Lasisin Revit na mutum ɗaya ya haura dala 2,500 a shekara. Ga kwamfuta biyu masu ƙarfi da muka saya, ga batir da inbata saboda ɗaukewar wuta tana lalata fayil a tsakiyar aiki, ga kuɗin data na tura manyan fayiloli, ga albashin matashin, ga awannin da manyan injiniyoyi suka yi a zaman daidaitawa. Kwamfutocin da lasisin za su yi wasu ayyukan bayan wannan, don haka kason watannin da aikin ya ci kawai na ɗora masa. Awannin zama ne na manta ban rubuta ba a wata na farko, sai daga baya na bi kalandar kowa ina tattarawa.

Ranar da muka haɗa samfuran uku a Navisworks don a ga inda suke cin karo, manhajar ta fito da karo 1,340. Matashin nan ya miƙe tsaye don murna, ya ce in aka sa wa kowanne kuɗi kaɗan ma BIM ya biya kansa ninki goma. Ni ma zuciyata ta yi fari, har na fara rubuta wa Alhaji saƙo, sai na fasa. Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ga bututu guda da ya ratsa bango 14 an ƙirga shi karo 14. Ga wayoyin da kowane mai wayarin zai lanƙwasa da hannu ba tare da ya tambayi kowa ba. Bayan an haɗe masu maimaituwa an zubar da na banza, saura 112. Sai na yi abin da har yau nake ganin shi ne mafi amfani a duk aikin: na gayyato foman ɗin ɗan kwangila, dattijo da ya haura shekara 30 a gini, na zaunar da shi gaban allo. A kowane karo tambaya ɗaya nake yi masa, "Baba, in da takarda kawai aka ba ka, yaushe za ka ga wannan?" Wani ya ce, "Wannan ai tun wajen ɗaura katako zan gani." Wani ya yi shiru ya ce, "Wannan sai an zuba dekin." Muka kasa su kashi uku, waɗanda zai gani kafin a yi ɓarna, waɗanda ƙila ya gani, da waɗanda sai bayan kankare ya bushe. Kashi na ƙarshe 31 ne. Su na sa wa cikakken kuɗi, na tsakiya na ba su rabi, na farko ban ba su ko kwabo ba.

Biyu daga cikin 31 ɗin ba zan manta da su ba. Na farko bututun ƙazanta ne mai inci 4 da ya sauko daga banɗakin ɗakin kwanciya na hawa na ɗaya, ya bi ta tsakiyar babban bim, wato gungumen kankaren da ke ɗauke da dekin, da ke saman ɗakin tiyata. A zanen takarda ba a ganinsa, domin bututun yana shafin masu famfo, bim ɗin yana shafin injiniya. Baba foman ya kalli allon ya girgiza kai, ya ce ya san yadda ake ƙarewa: mai famfo ya zo bayan wata uku da guduma da kurfi, ya huda bim ɗin, in rodi ya tare shi ya yanke, a shafe da filasta, babu wanda ya sani. Mun matsar da banɗakin santimita 40 a cikin minti 20. A lissafina na rubuta kuɗin fasawa da gyara kawai, domin hatsarin bim mai yankakken rodi da ruwan ƙazanta a saman gadon tiyata ba abu ne da zan iya sa wa farashi ba. Na biyu babban bututun iskar sanyi ne da zai bi ƙarƙashin bim a farfajiyar tiyata, wanda da ya sauko da silin har ya taɓa saman ƙofofi. Maganinsa shi ne ƙara wa hawan tsayi da layin bulo biyu. Wannan ƙarin kuɗi ne, kuma na rubuta shi a gefen abin da aka kashe, ko da yake akitek bai so ba.

An fara aiki a fili a watan Afrilu, bayan ƙaramar Sallah. Matsalar farko ta suna ce. A bakin magina "bim" shi ne gungumen kankaren da ke ɗauke da dekin, don haka duk lokacin da muka ce a duba BIM sai a nufi wajen kafintoci. Muka daina faɗin sunan, muka koma cewa "hoton kwamfuta". Muka kuma riƙa buga hotunan wurare masu wuya a babbar takarda, da launi, muna mannawa a bangon ɗakin da za a yi aikin, domin waya ɗaya mai manhajar ba ta isar mutum 40. Gani ya kori ji: mai famfon da ba ya karanta zane yana kallon hoton sai ya ce a sa masa guntun bututun da zai bar masa hanya a nan kafin a zuba kankare. Na kuma ajiye littafi mai kwafi a ofishin fili, na roƙi Baba foman kada a amsa wata tambaya ta waya sai an rubuta ta, da ranar da aka yi ta da ranar da amsa ta zo. Wata biyu ana ja da ni a kan wannan littafi kafin ya zama jiki.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin man fetur, a tsakiyar Yuni kuma aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Buhun siminti da muka lissafa a kusan Naira 5,000 ya haura 10,000 a watan Fabrairun 2024. Rodi da tayil da wayar wuta duk suka bi sahu. Duk wanda ya kalli jimillar kuɗi zai ce ginin da aka yi da BIM ya fi tsohon tsada nesa ba kusa ba, kuma wani ɗan'uwan Alhaji ya faɗi haka a gabana. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ina ganin alkawarina ya rushe. Abin da ya fitar da ni shi ne lissafin da na yi da buhu da tan da kwanan ma'aikata. Na ɗauki farashin da ke cikin takardar ƙididdigarmu ta Janairun 2023 na daskarar da shi, na auna ɓarnar tsohon gini da ta sabo da kuɗin BIM ɗin kansa duk da wannan farashi ɗaya, sannan na raba da murabba'in mita don girman ginin kada ya ruɗe mu.

Akwai wata riba da na ƙi karɓa, kuma sai da muka yi musu da abokan aikina a kanta. Samfurin ya ba mu rodi tan 118, lissafina na hannu ya ba da 124, abin da aka yi amfani da shi har da yanke-yanke ya tsaya a 121. Saboda Alhaji ya natsu da lambar, ya sayi rodin gaba ɗaya a farkon Mayu, makonni kaɗan kafin farashi ya tashi. Kuɗin da ya tsira da su a nan sun ninka duk abin da aka kashe a BIM. Akitek ya ce a sa a rahoto. Na ce a'a, domin babu wanda ya san farashi zai yi wannan tashin, kuma da lissafin hannu ma zai iya saye. Na ambace shi a shafi na daban, ban haɗa shi da jimilla ba. In ka cusa irin wannan a lissafi, ranar da mai kuɗi ya gano sai ya daina yarda da sauran lambobinka na gaskiya.

An miƙa ginin a watan Yunin 2024, na kai rahoton bayan mako biyu, shafi 11. Canjin aiki a sabon gini 38 ne, amma waɗanda saɓanin zane ko kuskuren lissafi ya jawo 7 ne kacal, a ginin da ya fi tsohon girma, inda aka sami 23. Kwanakin jiran amsa na rubuta su, amma na faɗa a fili cewa babu abin kwatanta su da shi. Sai kuma abin da ban hango ba tun farko: ba duk ragin ne ya shiga aljihun Alhaji ba. Gyaran da kuskuren zane ke jawowa shi yake biya, don haka wannan ribarsa ce. Gyaran da rashin tsari tsakanin masu famfo da masu wuta ke jawowa kuwa ɗan kwangila ne yake ɗauka, don haka shi ya ci wannan ribar ba tare da ya sa sisi a BIM ba. Na raba su gida biyu. A gidan Alhaji, kowace Naira 1 da ya kashe ta dawo da kusan Naira 1 da kwabo 40. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce, "Ke nan ban yi asara ba, amma ba ninki goman da yaron nan yake faɗa ba ne." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da zan iya rantsuwa a kai." Ya ce a gini na gaba a rubuta BIM a cikin takardar neman 'yan kwangila, don su san za su sami sauƙi su rage farashi. Wannan dabarar tasa ce, ni ban kawo ta ba.

In da zan sake, kafin a zana layi ɗaya zan zauna da mai gini mu amince a rubuce a kan abin da za a ƙirga da abin da ba za a ƙirga ba, domin bayan an ga sakamako kowa ja yake yi zuwa gefensa. Zan nemi takardun tsohon aiki tun kafin in yi alkawari, in babu su in faɗa cewa wannan aikin shi ne zai zama abin kwatance na gaba. Littafin tambaya da amsa zai fara aiki ranar da aka kafa shinge, kuma kowace rana da aiki ya tsaya za a rubuta dalilinta, ruwan sama ne, ko jiran kuɗi, ko jiran zane, domin a damina da azumi kwanaki suna tafiya ba ruwan kwamfuta. Lambar karo da manhaja ta fitar kuwa ba zan nuna wa kowa ita ba sai gogaggen foman ya tace ta.

Sauran aikin yana hannun mai kula da gyare-gyaren asibitin. Mun saka masa Navisworks Freedom, wadda kyauta ce, a kwamfutar ofishinsa, na yini biyu ina nuna masa yadda zai ɓoye silin ya ga abin da ke samansa. Na ba shi littafi mai gida biyu, tsohon gini da sabo, ya riƙa rubuta kowane gyara da awannin da ya ci da abin da aka fasa kafin a kai ga matsalar. A watan Agusta ya kira ni, ruwa yana ɗiga a farfajiyar hawa na biyu. Ya duba kwamfuta ya ga inda makunnin bututun yake, suka cire falle ɗaya na silin suka rufe ruwan, kafin la'asar an gama. Na ce ya rubuta. Ya ce tun kafin ya kira ni ya rubuta, kuma a gidan tsohon gini akwai irinsa na watan Yuli, wanda sai da suka buɗe wuri biyar.